Ƙananan kwalejojin fasaha: tsakanin samun gurbi da shiga aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu tattauna batun ɗaukar ɗalibai a ƙananan kwalejojin fasaha. Muna nufin kwalejojin kimiyya da fasaha na jihohi, irin waɗanda ke Talata Mafara da Haɗeja da Geidam, da kuma masu koyar da fanni guda, kamar kwalejojin aikin gona na Ɗambatta da Bakura. Su ne ke ba da ƙaramar difloma ta ND, wasu har da babba ta HND, kuma su suka fi kusa da ɗan talaka. Abin da za mu faɗa ya shafi tsarin ne gaba ɗaya, ba wata kwaleji guda ba.

Duk shekara, ranar rantsar da sababbin ɗalibai, adadi ɗaya ake faɗa: an bai wa yara kaza gurbin karatu. Shi jaridu ke bugawa, shi ake kai wa ma'aikatar ilimi. Amma mai son sanin halin da kwaleji ke ciki yana buƙatar adadi shida, kuma na kowane sashe daban: guraben da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ta amince wa sashen, yawan waɗanda suka neme shi, yawan waɗanda aka bai wa gurbi, yawan waɗanda suka karɓi gurbin a shafin JAMB (hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu), yawan waɗanda suka biya kuɗi aka tantance su suka shiga aji, sai yawan waɗanda suka dawo shekara ta biyu. Tsakanin kowane adadi da mai bi masa akwai yaran da ke zubewa, kuma abin da ke zubar da su a nan daban yake da abin da ke zubar da su a can. Kwalejin da ba ta ƙirga su daki-daki ba za ta san inda ya kamata ta sa hannu ba.

Batun kujerun da babu kowa a kansu, gwamnati da bakinta ta faɗa. A watan Agusta na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin tarayya na tsawon shekara bakwai. Hujjar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayar ita ce makarantu da yawa ba sa samun masu nema. Ya ce jami'o'i 199 ba su samu ko mutum ɗari da suka neme su ta JAMB ba, 34 kuwa ba su samu ko mutum ɗaya ba, ya kuma ambaci irin wannan hali a kwalejojin fasaha da na horar da malamai. A shekarar 2025 ɗin dai ce yara kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar UTME, wato jarrabawar shiga manyan makarantu da JAMB ke shiryawa. Ga masu neman karatu sun cika gari, ga gurabe an rasa mai shiga.

Mu fara da guraben kansu. NBTE, wadda aka kafa a 1977 take da hedikwata a Kaduna, ba ta yanka wa kwaleji adadi a dunƙule. Kwas-kwas take bi: malamai nawa ne kuma da wace shaida, ɗakunan gwaji nawa, injuna nawa ne ke tashi idan an kunna, ƙwararrun masu kula da ɗakin aikin hannu nawa. Daga nan ta ce wannan kwas ya ɗauki aji ɗaya ko biyu, kowane aji mutum kaza, kuma da wannan adadi JAMB ke aiki. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban kwalejin fasaha su kasance a fannonin kimiyya da ƙere-ƙere, kashi 30 a fannonin kasuwanci da mulki. A aikace abin kan juya. Sashen mulki da na akanta su cika har a rasa wurin zama, sashen injiniyan lantarki da na gine-gine da safiyo da injiniyan noma kuwa da ƙyar su cika rabi. Idan aka haɗa jimilla sai a ga kamar kwaleji ta cika. Dalili ɗaya shi ne kuɗi: ɗalibin mulki allo da kujera sun ishe shi, ɗalibin injiniya kuwa yana cin sandar walda da ƙarfe da waya da man janareta kowane mako, alhali kuɗin makarantarsu bai yi wani nisa da juna ba. Ba mu ga laifin mai karanta mulki ba. Amma kwalejin fasahar da injunanta ke lulluɓe da leda don babu masu taɓa su ta bar aikin da aka kafa ta dominsa.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato a cusa wa sashen fasaha mutane fiye da ƙarfinsa don a ce an cika. A yi lissafi da injin sassaƙar ƙarfe. Idan guda huɗu ne a ɗaki, darasin aikin hannu kuma awa uku, aji mai mutum 40 zai kasu goma-goma, kowa ya samu minti 18 a kan inji. A mayar da su 80, minti tara ke nan, kuma ɗaure ƙarfen a bakin inji da daidaita wuƙar kaɗai sun cinye su. Rabin aji za su fita da difloma ba su taɓa sassaƙa ƙusa ɗaya da hannunsu ba. Saboda haka adadin NBTE iyaka ce da ya kamata a cika ta, kada kuma a tsallake ta.

Sai matakin nema. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu cike fom ɗin JAMB jami'a suke sakawa a zaɓin farko. Yaro kan isa cibiyar rajista da sunan jami'a ɗaya da kwas ɗaya a kansa. Idan aka zo layin kwalejin fasaha, mai na'ura, wanda ke da dogon layi na jiransa, ya tambaye shi a gurguje, ko ma ya zaɓa masa duk wadda ta fara fitowa. Sau da yawa yaron ya koma gida bai san sunan kwalejin da aka rubuta masa ba. Don haka idan kwaleji ta ce mutum dubu kaza sun neme ta, a tambaye ta nawa ne suka sa ta a zaɓin farko. Wannan ƙaramin adadin shi ne na masu sonta da gaske, sauran sai an bi su an lallashe su.

A wurin cike fom ɗin ne kuma ake yin kurakurai biyu da ba sa bayyana sai bayan wata shida. Na farko shi ne haɗin darussa. Diflomar injiniya tana buƙatar Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri a UTME. Yaron da ya nemi likitanci ya zauna Turanci da Bayoloji da Fiziks da Kemistiri, babu Lissafi, don haka ko makinsa ya kai nawa ba za a iya mayar da shi injiniyan lantarki ba. Inda zai dace shi ne kimiyyar ɗakin gwaji ko aikin gona, kuma jami'in ɗaukar ɗalibai da ya san aikinsa can zai yi masa tayi tun farko. Na biyu shi ne layin waya. Tun 2021 ba a rajistar UTME sai da lambar NIN, wadda ake turawa zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar buɗe fom, kuma layin da aka tura da shi ya ɗaure da sunan yaron ke nan. Yara da yawa, musamman na karkara da 'yan mata, da layin yayansu ko malaminsu ko na mai shagon intanet suke yi. Adireshin imel da kalmar sirri ma mai shagon ne ya ƙirƙira ya rubuta a guntuwar takarda, takardar ta ɓata. Duk saƙon da zai zo daga baya wani hannun zai faɗa.

Mutane da yawa, har da wasu masu mulki, suna ganin rage makin shiga shi ne zai cike kujerun. An riga an rage shi har ƙasa. Taron da JAMB ke yi da shugabannin makarantu duk shekara ya tsayar da maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙaranci ga kwalejojin fasaha a 2023 da 2024 da 2025, jami'o'i kuwa 140, daga baya 150. Duk da haka sassan injiniya ba su cika ba, domin abin da ke tare yara a nan sakamakon sakandare ne. Ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce kiredit biyar a zama bai wuce biyu ba, na WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma ga injiniya dole a ciki akwai Lissafi da Fiziks da Kemistiri. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauci, cewa kiredit huɗu sun isa shiga ND, da Lissafi ga fannonin kimiyya, da Turanci ga waɗanda ba na kimiyya ba. Muna ganin wannan zai taimaki yaran da Turanci kaɗai ya kayar, kuma suna da yawa a Arewa. Sai dai sassauci ba zai kai malamin Fiziks makarantar da ba ta da shi ba. A sakandaren karkara da dama ana tura aji gaba ɗaya ɓangaren adabi tun shekarar farko ta babbar sakandare saboda babu mai koyar da kimiyya, kuma tun ranar aka rufe musu ƙofar sashen injiniya, shekara uku kafin su ji sunan JAMB.

Waɗanda ya kamata su zama jigon ƙaramar kwalejin fasaha su ne masu fitowa daga makarantun sana'a na sakandare, irin na Bagauda da Wudil a Jihar Kano da takwarorinsu na sauran jihohi, masu riƙe da shaidar NTC ta hukumar NABTEB. Sun shekara uku suna wayarin da walda da gini da kanikanci, ba sa tsoron inji. Amma da yawansu ba sa ko sayen fom, wasu don sun fara samun na kashewa a gareji, wasu don ba wanda ya taɓa gaya musu cewa shaidarsu karɓaɓɓiya ce a JAMB.

Yanzu mu zo inda aka fi asara, wato CAPS, tsarin ba da gurbi ta intanet da JAMB ta shigo da shi a 2017. Tafiyarsa hawa-hawa ce. Jami'in ɗaukar ɗalibai ya gabatar da suna, shugaban kwaleji ya amince, JAMB ta duba ta sahale, sannan yaro ya shiga shafinsa ya danna amincewa ko ƙi. Kafin duk wannan, dole sakamakon sakandarensa ya kasance an ɗora shi a shafin. Wanda ya cike fom yana jiran sakamako, idan sakamakon ya fito sai ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita ko ofishinta na jiha an ɗora masa. In bai koma ba, ba za a iya ba shi gurbi ba ko da shi ya fi kowa maki. Yara da yawa suna zaune a gida suna cewa ba a ɗauke su ba, alhali wannan aikin na 'yan mintoci ne ya rage.

Wanda kuma aka bai wa gurbin, ba lalle ya danna ba. Wani bai san an ba shi ba, saboda matsalar layin da muka faɗa. Wani ya sani sarai amma yana jira, domin duk wanda ya karɓi gurbi ɗaya ba wata makaranta da za ta sake yi masa tayi a wannan shekarar. Jami'o'i kuwa kashi-kashi suke fitar da sunaye, na farko, na biyu, na cike gurbi, kuma uba kan ce wa ɗansa ya dakata a ga na ƙarshe. Duk tsawon wannan jira gurbin yana riƙe, ba a karɓa ba, ba a sake shi ba, wanda ke biye a layi kuma ba ya samu. Kafin a farga zangon farko ya yi nisa, an wuce darussan da ba a kama su daga tsakiya, irin su zanen injiniya.

Ga misali domin a ga yadda lissafin yake, ba ƙididdigar wata kwaleji ba ce. Mu ƙaddara sashe mai gurbi 80 ya bai wa mutum 80. Mutum 56 suka karɓa a CAPS, 44 suka kammala rajista, 36 suka dawo shekara ta biyu. Za a sanar cewa an ɗauki 80, amma waɗanda suka shiga aji kashi 55 ne cikin ɗari, waɗanda suka kai ND ta biyu kuwa kashi 45. Mutum 24 sun zube a wurin karɓa, 12 a wurin kuɗi da takardu, takwas a cikin karatu. Shugaban da ke da wannan lissafi a gabansa ya san mutum 24 ɗin nan ne ya kamata ya fara bi, kuma binsu ba ya buƙatar kwangila. Ma'aikata biyu da katin waya sun isa su kira kowane yaro da aka bai wa gurbi, su tambaye shi zai zo ko ba zai zo ba, wanda ba zai zo ba a roƙe shi ya danna ƙi don a ba wani. A sa sanarwa da Hausa a gidan rediyon jiha, a faɗi matakan ɗaya bayan ɗaya, a maimaita na mako biyu. A ware tebur a ƙofar kwaleji inda yaro zai zo a duba masa shafinsa kyauta. A cikin CAPS akwai kuma sashen da ake kira kasuwa, inda makaranta ke iya ganin yaran da ba su samu gurbi a inda suka nema ba ta yi musu tayi, yaro ya amince a mayar da shi. Ƙaramar kwaleji ita ta fi kowa buƙatar wannan sashe, kuma ya kamata ta shiga shi da wuri, ta tace da jiha da haɗin darussa, ta fara da 'ya'yan ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita. Muna kira ga majalisun gudanarwa na kwalejoji da kwamitocin ilimi na majalisun jihohi su riƙa neman wannan jadawali na adadi shida daga kowane sashe duk shekara, maza daban mata daban, a kuma liƙa shi inda kowa zai gani.

Wanda ya karɓi gurbi, kuɗi ne ke gabansa. Akwai na tantancewa, wanda gwamnati ta ƙayyade kada ya wuce naira 2,000, akwai na karɓar gurbi, akwai kuɗin makaranta, na gwajin asibiti, na ƙungiyar ɗalibai, na sashe, na ɗakin kwana. Kowanne da rasidinsa, wani lokaci kowanne da lambar biyansa. A inda ake amfani da Remita, tsarin biyan kuɗi ta intanet, sai yaro ya fitar da lambar biya ta RRR mai alƙaluma 12 ya kai banki, kuma yakan faru a cire kuɗi shafin kwaleji bai nuna an biya ba, ya kwana biyu yana safa da marwa tsakanin banki da ofishin kuɗi. Ga wanda ya zo daga nesa, kowane kwana kuɗin mota ne da na abinci, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. A ganinmu kuɗin karɓar gurbi ba shi da hujja a kwalejin da ke neman ɗalibai ido rufe. A soke shi ko a zuba shi cikin kuɗin makaranta, a haɗe sauran a rasidi ɗaya, a ba da damar biya kashi biyu.

Lokacin biyan ma abin dubawa ne. Mafi yawan iyayen ɗaliban waɗannan kwalejoji manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa. Da damina kuɗinsu na cikin taki da noma, ba sa ganin sarari sai kaka, idan an sayar da wake da riɗi da masara. Rajistar da aka rufe a watan Agusta ko Satumba ta rufe da 'ya'yan manoma a waje, alhali wannan gidan da ya kasa biya a lokacin zai iya biya a Nuwamba ko Disamba. Asusun ba da rancen karatu na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayu na 2024, yana biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Amma ɗalibi ba zai iya nema ba sai makarantarsa ta ɗora bayanansa a shafin asusun, kuɗin kuma kan ɗauki lokaci kafin su iso. Kwalejin da ke son cin moriyar asusun sai ta ɗora sunayen sababbin ɗalibai da zarar sun karɓi gurbi, ta kuma bar wanda ya nuna shaidar ya nemi rance ya shiga aji kafin kuɗin su sauka.

A teburin tantancewa kuwa, abin da ya fi mayar da yara gida shi ne suna. A takardar NECO an rubuta Muhammad, a NIN an rubuta Mohammed. A wata takardar sunan uba ne a gaba, a wata sunan yaron. A shaidar firamare an ƙara sunan gari, a ta ƙaramar hukuma babu. Ranar haihuwa a NIN ɗaya ga Janairu, a takardar haihuwa wata ranar daban. JAMB daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, saboda haka gyara sai an fara daga hukumar NIMC mai ba da NIN, kuma yana iya cin makonni. Tun da aka tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga, kuskuren shekara ɗaya ma kan iya hana yaro gurbi. Jami'in tantancewa yana da gaskiya idan ya tsaya a kan takardun bogi. Amma bambancin harafi a rubuta Muhammad ba bogi ba ne, kuma abin da ya dace shi ne a yi wa yaron rajista bisa sharaɗi, da takardar rantsuwa ta kotu, a ba shi zuwa ƙarshen zangon farko ya kawo gyara.

Ba za mu tsallake tsaro da wurin kwana ba. Iyaye ba su manta da ɗalibai 39 da aka sace a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021 ba, ko harin kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta na 2021. Uban da aka bai wa 'yarsa gurbi zai zo da kansa ya duba, kuma abin da zai duba katanga ce da fitila da ruwa da mace mai kula da ɗakin kwanan mata. In bai ga waɗannan ba zai koma da ita, ko da ta ci maki 250. Wannan ne ya sa muka ce a ƙirga mata daban, domin a nan za a ga tazarar da ke tsakanin waɗanda aka bai wa gurbi da waɗanda suka zo ta fi ta maza faɗi.

Idan kujeru suka ƙi cika, akwai wata hanya da kan ja hankalin ƙananan kwalejoji, wato a ɗauki yara kai tsaye ba ta CAPS ba, da alƙawarin za a daidaita daga baya. Muna gargaɗin iyaye da kakkausar murya a kan wannan. Wanda sunansa ba ya cikin kundin ɗalibai na JAMB zai gamu da cikas ranar da ya nemi shiga jami'a da diflomarsa ko ya gama HND ya nemi zuwa hidimar ƙasa. JAMB ta yi afuwa ga irin wannan ɗauka ta tsakanin 2017 da 2020, ta kuma ce ba za ta ci gaba da yi ba. Takardar gurbin da ba a buga ta daga shafin JAMB ba, kada a biya ko kwabo a kanta. Haka nan wanda aka saka a karatun yamma ko na ƙarshen mako, a gaya masa a rubuce wane iri aka ba shi, domin mai HND ta wannan hanya ba ya zuwa hidimar ƙasa.

Masu zubewa bayan an fara karatu ba su kai na baya yawa ba, amma asararsu ta fi ciwo tunda an riga an kashe kuɗi. Lissafi da zanen injiniya na zangon farko su ke kayar da mafi yawa. Wasu kuma ba su da allon zane da ma'aunansa, ko rigar aiki da takalmin kariya, waɗanda ba a shiga ɗakin aikin hannu sai da su, kuma ba a faɗa musu farashinsu a takardar gurbi ba. Makonni huɗu na bitar Lissafi kafin a shiga manhaja, da allunan zane na aro a sashe, za su tsare da yawa. Bayan shekarar farko akwai wata huɗu na koyon aiki na SIWES. Kwalejin da ke ƙaramin gari babu masana'anta, ɗalibanta sai sun tafi Kano ko Kaduna, kuma wanda ba a nema masa wuri ba, ko ya samu aikin yini yana kawo kuɗi, yakan ƙi dawowa.

Ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar da kowane uba ke yi: in ya gama, sai me? Bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri a aikin gwamnati yana nan. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, amma har marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Dokar asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ta 2011 kuma jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai ta raba wa kuɗi, a kason 2:1:1, kwalejojin fanni guda sun daɗe suna kukan an bar su a waje. Waɗannan sun fi ƙarfin ƙaramar kwaleji. Abin da ke hannunta shi ne ta bayyana wa iyaye hanyar a fili: ND shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta aiki a masana'anta, sai HND shekara biyu ga wanda matsakaicin makinsa ya kai 2.50 cikin 4.00. Mai sakamako mai kyau kuma yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta JAMB. Yaron da ya zauna gida shekara uku yana maimaita UTME, da ya san haka da tuni ya riƙe difloma da sana'a a hannu. Kwalejin da ba ta da HND a wani kwas ta faɗi gaskiya tun farko, ta kuma nuna wa ɗalibanta inda za su ci gaba, ko Kaduna ko Kazaure ko Birnin Kebbi, gwargwadon inda kwas ɗin yake.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yawancin kwalejoji sai sakamakon UTME ya fito suke fara neman ɗalibai. Fom ɗin JAMB a farkon shekara ake sayar da shi, don haka ziyarar makarantu ta kamata ta kasance tsakanin Oktoba da Disamba. Shugabannin sassa da kansu su je makarantun sana'a da na kimiyya da ke kewayensu, da takarda guda mai ɗauke da sunan kowane kwas, darussa huɗun da yake buƙata a UTME, kiredit ɗin da yake nema, da jimillar kuɗin shekarar farko har da kayan aiki. Su gana da 'yan aji shida a kan cike fom, kowa ya yi da layinsa kuma ya daidaita sunansa a NIN kafin ya je. Su gana da 'yan aji uku, waɗanda ke gab da zaɓar kimiyya ko adabi. Inda aka tarar babu malamin Fiziks, kwaleji na iya buɗe ɗakin gwajinta ga ɗaliban makarantar ranar Asabar, malamanta su ɗauki darasin bi da bi.

Wassalam.

Daga wasu malamai da jami'an rajista na kwalejojin fasaha.